Babin da Ta Ƙi Karantawa

Zuwa ga ƙanena Garba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki, da zaman Fatakwal. Mu nan lafiya lau, gero ya fara fitar da kai.

Littafin nan da na daɗe ina rubutawa ya kai ƙarshe, yanzu gyara nake yi. Na san ba mai buga shi, mutanen yanzu waya suka sani, amma me ya rage mini? Idona ya yi rauni, don haka Hajiya ce ke karanta mini bayan la'asar, ni kuma ina cewa a cire nan, a ƙara can.

Ashe sunan ɗanmu na fari na sa wa jarumin, Kabiru, da ke can wajenku ya daɗe bai zo gida ba. Ka san ba ta taɓa faɗin sunan nan ba. Duk inda ta iso shi sai ta ce "yaron nan". Da farko abin dariya ya ba ni. Da muka kai babin ƙarshe, inda jarumin ya mutu a kudu bai sake taka gida ba, sai ta ajiye takardun ta ce, "Malam, ba da bakina ba."

Na ce labari ne kawai. Ta ce, "To, ka dawo da shi mana, ai kai ke riƙe da biron."

Na yage babin, amma na kasa rubuta wani, don ban san me uban zai ce masa a ƙofar gida ba.

Ka gaida Asabe da yara, ku sa mu a addu'a. In ka ga yaron nan, ka tambaye shi ko zai zo gida lokacin kaka.

Yayanka,
Malam Idi