Agwagwar da Kika Kiwata wa Usman

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah tana tare da ke, na zo miki da labarin da kika yi ta jira: ɗanki Usman ya iso Jidda. Ya samu fasfon Suwidin, ya shigo da bizar umara, ke kuwa tun azumi muka yi rashinki.

Kin tuna hoton da ya aiko a shekararsa ta farko? Tebur cike da Turawa, gasasshiyar dinya, babbar 'yar uwar agwagwa, a tsakiya, kek ɗin tuffa a gefe, shi kuma yana ta fara'a. Ya ce bikinsu ne na kaka a watan Nuwamba, maƙwabcinsa ne ya gayyace shi. Babu gidan da ba ki shiga da wayar nan ba a unguwarmu ta Nuzla, kina cewa, "Halas, shi ke nan, ɗana ya samu mutane."

Daga nan kika ɗora wa kanki kiwon agwagwa a saman rufi, tunda dinya ba ta samuwa a nan. Mai gidan haya ya yi mita, ni na yi ta tsiya saboda wari, kika ce in ya dawo kada ya ga gida ya kasa Turawa. Duk shekara in lokacin kaka ya zo ya wuce ba shi, ki sa a yanka ki raba wa maƙwabta, ki sayo wata.

Ta bana ni na ƙarasa kiwonta. Jiya na gasa ta da tuffa a ciki, yadda kika sa na binciko miki. Ya tsura mata ido ya kasa sa hannu, sannan ya gaya mini bai taɓa ɗanɗana dinyar can ba. Ba yankan Musulmi ba ce, miyar da ake fara sha kuwa da jininta ake yi, baƙa wuluk. Kek kawai ya ci. Maƙwabcin ya ɗauka raini ne, bai ƙara kiransa ba. Hotunan da yake aiko miki duk shekara na zama ɗaya ne, yana tsakuro su ɗaya-ɗaya don hankalinki ya kwanta.

Umma, na ji haushinsa, daga baya tausayi ya rufe ni. Ya dai ci, yana hawaye, har da ƙorafin na cika gishiri. Na so a ce kin gani.

Mako mai zuwa zai koma, don biza ba ta bar shi ya zauna a garin da kika haife shi ba. Kin tafi kina ganin yana da mutane, ni aka bar wa sanin ba shi da kowa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Usman kuma, Allah Ya ba shi ko mutum ɗaya da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce taso mu ci abinci.

'Yarki mai kewarki,
Hauwa