Lasisina a Hannun Jandarma

Talata, 14 ga Mayu

Sun ƙwace mini lasisi. Ni, Desmond Ackroyd, da na shekara arba'in ina tuƙi ko kaza ban taɓa takewa ba.

Wata motar katako na wuce, a kudu da Bellac, sai ga jandarma, ɗan sandan Faransa, yana ɗaga mini hannu. Wai na zarce ƙa'ida da kilomita arba'in da wani abu. Na ce ai casa'in ake yi a hanyar nan. Ya ce tamanin ne, an canza tun tuni. Na ce 'yarmu Bryony na asibiti a Pau, haihuwa na neman zo mata kafin lokaci. Ya yi mini fatan alheri, ya karɓi tara nan take, ya jefa lasisin a jakarsa. Ba ni ba tuƙi a Faransa sai yadda hali ya yi.

Matata Glenys ce ta lallaɓa motar zuwa masauki. Ko kallona ba ta yi ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Ruwa tun safe. Ɗakin warin albasa yake, tagar kuma bangon coci take kallo.

Jirgin ƙasa ba zai yiwu ba. Ga karenmu, ga gadon jaririn da na ƙera da hannuna cike da bayan mota. Mijin Bryony, Thibault, ba ya iya barin gefenta. Bryony ta bugo, muryarta can ƙasa: "Baba, yaushe za ku iso?" Na ce muna hanya. Wace hanya.

Alhamis, 16 ga Mayu

Glenys ta ce ita za ta ja. A gida iyakarta kanti da gidan ƙanwarta, da 'yar ƙaramar motarta. Ba ta taɓa tuƙi a hannun dama ba, don a ƙasarmu hagu ake bi. Na faɗa mata haka.

"To ka zauna nan ka auri mai masaukin, Des. Ni dai 'yata zan je gani."

Na ba ta makulli. Da dai ta ɗauka, a kan tebur yake.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ban taɓa sanin kujerar fasinja kurkuku ce ba. Sitiyarin motarmu a dama yake, don haka a nan ni ne a gefen da manyan motoci ke tahowa. Kowace tirela kamar cinyata za ta hau. Ƙafata sai neman birkin da babu take yi.

A shataletalen farko ta nufi hagu. Na kurma ihu, kare ya kama haushi, wani manomi ya danna mana oda har da zagi. Ta tsaya gefen titi ta kashe mota.

"Ka ƙara yi mini ihu, ka koma baya kusa da kare."

Ban ƙara yi mata ihu ba har Périgueux. Sai in za ta wuce wata mota take cewa, "Des, duba mini." Ni nake leƙawa, don daga wurinta ba a hangen gaba. Aikina ke nan yanzu, da ɓare mata alewa.

Asabar, 18 ga Mayu

Mace ce. An haife ta muna kan hanya, ƙarama ƙwarai, amma tana numfashi da kanta. Ni na ɗauki wayar. Da na faɗa wa Glenys sai hawaye, amma ba ta ɗauke ido daga titi ba. Ni na share mata fuska da hankicina.

Litinin, 20 ga Mayu

Maëlle sunanta. Har yanzu ban iya faɗarsa daidai ba. Gadon ya yi mata girma.

Thibault, yaron kirki, ya ce in za mu koma shi zai kai mu Calais, inda za mu tsallaka teku zuwa gida, ya dawo a jirgin ƙasa. Kafin Glenys ta buɗe baki na ce ya bar shi, muna da direba. Ban san me ya sa na faɗa ba. Ta kalle ni ta ci gaba da shan shayinta.

Wai gobe za ta kai ni ganin teku. Na ce sai dai in babu nisa. Na duba, akwai nisa. Hulata dai tuni na sa ta cikin mota.