A Garinmu Mai Kitso Zaune Take

Anti Dalila, ki taimake ni kafin in jefi wani da mataji.

Da can a Damagaram tarihi nake koyarwa a lise, wato sakandare. A nan Greensboro ta Amurka kitso nake yi a shagon wata mata, Celina. Ban raina kitso ba, tsayuwar ce ke kashe ni. A garinmu mai kitso zaune take, wadda ake yi wa tana ƙasa kan tabarma. Nan an juya abin: kwastoma na kan kujera tana latsa waya, ni ina tsaye tun safe har magariba kamar ɗalibar da aka yi wa horo.

Ƙafafuna sun kumbura, ƙuguna ya riƙe. Ɗiyata ta kai ni wurin wani mai maganin gargajiyar Sin a Sedgefield. Ya ji bugun jinina, ya duba harshena, ya ce a iliminsu doguwar tsayuwa ƙashi take ci, kuma alluransa ba za su yi komai ba muddin ban zauna ba. Na bincika, haka magabatansu suka rubuta tun da daɗewa. Wato su da kakata sun san abin da Amurka ba ta sani ba!

Na roƙi Celina in shimfiɗa tabarma. Ta ce babu Ba'amurkiyar da za ta biya kuɗi ta zauna a ƙasa. Yanzu salla ma a kan kujera nake yinta. Ina tsaya wa kowa, ban da Ubangijina. In na bar shagon, ba ni da wani aikin.

Mai Mataji, McLeansville

'Yar'uwata,

Fushinki yana kan hanya, amma Celina ma ba ƙarya ta yi ba. Kwastomominta ba za su sauya ba. Fara zuwa asibiti, don kumburin ƙafa yakan ɓoye wani ciwon. Sannan ki nemi kujera mai tsayi mai taya, ki gwada. Tana ragewa, ba ta warkarwa. Matanmu za su zauna miki kan tabarma a gida, sai dai ba su da yawan da za su riƙe ki.

Ba zan yaudare ki ba. Abin da tsayuwa ta ci da wuya ya dawo, kuma shagon nan da ƙafafunki ba za ki tsira da duka biyun ba. Shago ana samun wani.

Sallarki a zaune karɓaɓɓiya ce, in sha Allah. Shi dai bai ce dole ki tsaya ba. Allah ya ba ki lafiya.

Anti Dalila