Littafin Malami Ya Koma Hannun Keziah

Ava, Missouri
Satumba

Zuwa ga Gwaggona Opal,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Tunda kunnen ya hana ki jin waya, zan ci gaba da rubuto miki kamar yadda na yi alkawari, ko da yake wasiƙa ɗaya takan cinye mini yini.

Mun buɗe makarantarmu ta gida. Akwatin littattafan bana ya iso, na share teburin kicin, na kafa allo kusa da firji. Keziah ta shiga aji huɗu, Amos da Silas suna kan baƙaƙe, jaririn kuma cin alli ne aikinsa. Gwaggo, littafin malami na bana, mai amsoshin nan, ya yi kauri. Kafin in fita tatsar awaki nakan bi darasin ranar da yatsa, kamar yadda kika koya mini karatu a teburinki ina da cikin Keziah. Ban taɓa shiga darasi ban shirya ba.

Amma yarinyar ta wuce ni. Shekararta tara, karatu a bakinta kamar ruwa. Ina murna, sai dai ina tsoro. Jiya a sujadar yamma muna karantawa aya-aya, tawa ta faɗo kan sunayen zuriyar sarakuna. Na tsaya ina haɗa baƙi, Keziah ta ƙarasa mini. Maigidana Wendell ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Malama, mu jira ki, ko mu je mu dawo?" Amos ya ɗora yatsa a kan tebur yana ja a hankali, yana motsa baki irin nawa. Yanzu da na juya baya sai in ji "Mama Kunkuru". Ubansu ne ya raɗa sunan.

Wataƙila wasa ne kawai, ni ce mai sa abu a rai. Ki sa ni a addu'a.

Taki kullum,
Nadine

Ava, Missouri
Nuwamba

Gwaggo ƙaunatacciya,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya sanyi a wajenku? Allah ya sa ana kawo miki itace. Mu nan lafiya, Wendell ya harbo barewa, nama ya samu.

Abin da nake tsoro ya faru. Kin san ran Laraba iyalan cocinmu masu koyar da yara a gida mukan haɗu a ɗakin ƙasa na coci. Keziah ta karanta Zabura a gaban kowa. Matar fasto ta tambaye ta wa ya koya mata, ta ce, "Ni na koya wa kaina. Mama ma ni nake taya ta." Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ban san inda zan sa fuskata ba. Daga baya na hango matar fasto tana gaya wa Wendell cewa baiwa irin wannan bai kamata a daƙile ta ba.

Muna isa gida ya sauko da littafin malami daga kan kantar littattafai ya miƙa wa Keziah. Na ce, "Wendell, ni fa na koya mata baƙaƙe." Ya ce, "Kin kai ta inda ƙafarki ta tsaya. Ki gode wa Allah, ki matsa." Ya ƙara da cewa shi ne shugaban gida, ya yi addu'a a kai, magana ta ƙare.

Yanzu Keziah ce ke koyarwa, tana hawa akwatin madara don ta kai allo. Ni ina ƙarshen tebur da jariri, ina feƙe fensir. A takardar da muke manna wa yara taurarin yabo a bango ta ƙara sunana a ƙarƙashin na Silas. In zan yi magana sai na ɗaga hannu, in ba haka ba ta gaya wa ubanta da yamma. Shekaranjiya Silas ya kawo mini littafin tatsuniya ya hau cinyata, Amos ya fizge ya ce, "Kai wa Keziah, kafin Mama ta gama mun tsufa."

Ba don kaina kaɗai nake kuka ba. Yarinyar ta daina hawa lilo. Tana cin farcenta har jini, tana dukan ƙannenta da rula in sun kasa. Na ce ta zo in yi mata kitso, ta ce tana da takardun dubawa.

Don Allah kada ki ce wa Wendell komai. Na dai rasa wanda zan gaya wa ne. Rubutun nan shi kaɗai ya rage mini.

'Yarki,
Nadine

Ava, Missouri
Janairu

Zuwa ga Gwaggo Opal,

Ni ce Keziah. Mama tana faɗa mini, ni ina rubutawa. Ta ce in gaishe ki, in tambaye ki gwiwa da kunne.

Baba ya samu wasiƙar da kika aiko masa ta faɗa. Ya karanta mana a tebur, har wurin da kika ce shi azzalumi ne. Ya ce ashe Mama tana kai ƙarar gidanta waje. Ya ce daga yau duk takardar da za ta fita daga gidan nan ni zan rubuta, tunda hannuna ya fi kyau, Mama kuma ta huta.

Mama ta ce in gaya miki muna lafiya. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, akuya ta haifi biyu. Silas ya kai baƙi na goma. Mama ma tana ƙoƙari, ta samu tauraro a makon jiya.

Ta faɗi wani abu mai tsawo tana kuka, amma Baba ya ce gunaguni zunubi ne, don haka ban sa ba. Ta sake faɗa, na ce mata na ji.

Mama ta roƙi Baba ya bar ta ta sa sunanta da kanta, ya yarda. Na ja mata layi da rula don kada ya karkace.

Ki huta lafiya cikin Ubangiji.

Nadine