Baba Ya Ƙi Daina Tayar da Injin Rijiyar Gari

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara. A garinmu duk wanda na faɗa wa, kafin in rufe baki maganar ta isa kunnen Baba.

Ni malamar firamare ce, kuma sakatariyar kwamitin rijiyar burtsatsen garinmu. Bara muka nemi tallafin da ake ba ƙauyuka don rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, Allah ya sa muka dace. Aka kafa mana sola mai jawo ruwa da hasken rana, aka sallami injin dizal. Wallahi mun ji daɗi. Tanki kullum cike, ba tari a layin ɗiban ruwa, bangon da hayaƙi ya mai da baƙi ƙirin mun shafe shi da farin fenti.

Damuwata mahaifina ne. Shekara ashirin da uku yana kula da injin nan, har sunansa ya ɓace, kowa Mai Inji yake ce masa. To mutanenmu sun saba, sai sun ji ƙarar inji suke ɗaukar bokiti, ita kuwa sola shiru take aikinta. Makon farko ga ruwa har yana zuba, amma mata suka nufi rafi, wai inji ya lalace. Baba ya tayar da shi na minti goma, nan da nan layi ya cika. Tun ranar kullum da safe sai ya tayar, alhali ko ɗigon ruwa ba ya jawowa, bututunsa ma an cire.

Masu tallafin sun yi sharaɗi, sai injin ya daina aiki ɗungurungum za su sa wa ƙaramin asibitinmu sola, firijin allurar rigakafi ya samu wuta. Ƙarshen wata za su zo, kuma ni zan sa hannu cewa ya daina. Shugaban kwamiti ya ce in sa kawai, minti goma ba komai ba ne. Ni ƙarya ba ta kwanta min ba. Sau biyu ina zuwa in yi wa Baba magana, sai in tarar yana goge injin da tsumma, fuskarsa fal farin ciki, in ɓige da gaisuwa. Yaya zan yi?

'Yar Mai Inji

Ƙanwata, barka da arziki, kun yi aikin da za a daɗe ana sa muku albarka.

Kada ki sa hannu a kan abin da ba haka yake ba. Garin da kike cewa magana ba ta kwana, kina tsammanin baƙi ba za su ji ba? In asiri ya tonu, jariran da ke jiran allura ne za su yi asara, shugaban kwamiti kuwa zai ce bai san zancen ba.

Amma ki yi wa Baba adalci. Ku masu biro kun lissafa hayaƙi da hasken rana, kun manta cewa injin nan shi ne agogon gari. Shi ya lura, ya toshe muku kafar da kuka bari. Saboda haka kada ki je masa da hani. Ki zauna, ki gaya masa zancen firijin asibiti tiryan-tiryan, ki nemi dabararsa. Wanda ya shayar da gari shekara ashirin da uku ba zai so ya zama sanadin hana jikokinsa rigakafi ba.

Sannan kwamiti ya damƙa masa makullin sola a gaban jama'a, da aikin goge faya-fayanta masu ɗaukar hasken rana, don ƙura na rage mata ƙarfi, kuma ba ku da mai tsumma kamarsa. Ku roƙe shi ya kwance wani ƙarfe mai amo daga jikin injin da hannunsa, a rataye a bakin rijiya, ya riƙa bugawa idan tanki ya cika.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba ki sa'ar baki. Ranar da ya buga ƙarfen karo na farko, ki tabbata bokitinki ne a gaban layi.

Antinku