Mai Ɗorin da Kuka Zaunar a Ƙasa

Zuwa ga Shugaban Sashen Labarai na gidan talabijin da ya ziyarci unguwarmu a Dutsin-Ma.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai da duk mai bin tarihi cewa ƙeyata ta fito a labaranku na ƙarfe bakwai. Shekara talatin ina koyarwa ba wanda ya ɗauke ni hoto, sai ranar da na juya ina gyara hula. Na gode.

Wanda kuka ɗauka ta gaba shi ne Malam Iro mai ɗori. 'Yan bindiga suka koro shi daga ƙauyensu a ƙasar Kurfi, yana zaune da iyalinsa a ɗakin da maƙwabcina ya ara masa.

Na ɗaya. Ma'aikatanka sun same shi cikin farar riga zai tafi masallaci, suka ce bai yi kama da ɗan gudun hijira ba. Suka sa ya canza zuwa tsohuwar riga, suka janye tabarmarsa, suka zaunar da dattijo a ƙasa. Ya yarda, don an ce masa taimako zai biyo baya.

Na biyu. Ya daɗe yana ba ku labarin gonar da ya baro gero ya fara fitar da kai. Ko kalma ɗaya ba ku sa ba. A kan fuskarsa kuka ɗora muryar mai sharhi yana cewa cikin masu hijira akwai masu kai wa 'yan bindiga labari, alamarsu yawan waya da yawan fita a babur. Ranka ya daɗe, mai ɗori ne. In wani ya karye a garin Makera, waya ake yi masa, ba wasiƙa ba.

Na uku. Tun ranar ba wanda ya sake kawo masa karaya, matarsa ma ba a amsa mata sallama a bakin rijiya. Yanzu mai unguwa ya ba shi zuwa Juma'a ya tashi. Ya koma ina? Can ko rufin ɗaki bai rage ba.

Na sha karanta yadda ake yi wa masu neman mafaka a ƙasashen Turawa: in ba abin tausayi ba ne, to abin tsoro ne. Wallahi na gaji da ganinsa a jarida, balle a sahun da nake salla.

Roƙona ku dawo kafin Juma'a, ku bar shi ya yi magana da bakinsa, ku kuma faɗa wa jama'a cewa ba ku da shaidar komai a kansa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka da iyalinka daga barin gida ba shiri.

Ni ma ban fita daga laifi ba. Da mai unguwa ya tambaye ni ko zan tsaya wa Malam Iro, cewa na yi ban san zuciyarsa ba. Na yi kuskure.

Wassalam.
Malamin makaranta mai ritaya, Dutsin-Ma.