Duwatsun Kakanninmu a Bakin Hanyar Kebbe

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'i mai kula da hanyoyin karkara da wuraren tarihi na yankinmu, ta hannun Edita.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina yi maka barka da aiki, da barka da wanga zamani na mulkin kai da Allah ya nuna muna. Ranka shi daɗe, mai rubuto maka wagga takarda shi ne Malam Ummaru, tsohon malamin elementare a Tambuwal. In sunan bai tuna maka da kowa ba, to, ni ne dattijon nan da aka kama ran kasuwa da jaki da mangala yana satar duwatsun gwamnati a bakin hanyar Kebbe. Na san labarin ya iso ofishinka, don ya riga ni isa gida. Na biyo ta jarida ne saboda na yi ta zarya ƙofarka, kullum masinja ya ce ka fita rangadi. Tunda a fili aka yi mini dariya, bari kukan ma in yi shi a fili.

Na ɗaya, bari in gaya maka wane wuri ne, don na lura ofishinka bai san da shi ba. In ka bar Tambuwal ka nufi Kebbe, akwai inda za ka hangi wani dogon tudun marmara a hannunka na hagu. A gindinsa akwai fadama mai ban sha'awa, samanta a bushe, ƙarƙashinta laka har gwiwa ko da rani. Mu nan Fagen Fama muke ce wa wurin. A yaƙe-yaƙen da aka yi da Kabawa kafin zuwan Turawa, a nan kakanninmu suka tsaya bisa tudu da baka da kibau, mahaya suka tasam musu ta fadama, dawaki suka kafe, aka yi abin da aka yi. An yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. Namu an rufe su a kan tudun, nasu kuma a gefen fadama wajen giginyu, Allah shi jiƙansu baki ɗaya.

Tun daga lokacin muna da al'ada. Kowace shekara bayan an kai amfanin gona gida, gidajen da ke da mamaci a wurin sukan tafi su nome ciyawa, su yi addu'a, kowa kuma ya ajiye dutse guda da ya ɗauko daga gonarsa a gefen kabarin kakansa. Da haka kowane kabari ya sami zagayen duwatsu, baƙaƙe da jajaye, ba kyan gani. Duk da rashin kyansu, ba wanda ya taɓa ɗaga ko guda. Makiyayi in ya iso yakan kauda shanunsa, manomi yakan juya garmarsa tun daga nesa. Kakan Gwaggona Hajo yana kwance a can. Ita ce yayar mahaifina, ita ta rene ni, yanzu ta tsufa tukuf, idanu sun tafi, amma ba ta taɓa fashin zuwa ba. Da hannu take laluben zagayen kakanta, ta dafa dutse, ta yi addu'arta.

Na biyu, yadda aka yi na sa hannu. A shekarar bikin mulkin kai aka kawo muna wani babban baƙo daga birni mai son ganin wuraren tarihi. Aka rasa wanda zai yi masa jagora sai ni, don kowa ya san in na kama labarin Fagen Fama ba a tashi sai an kira salla. Na ci ado, na sa gaba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina gaya wa 'yan makaranta cewa fadamar nan ita ta haɗiye dawakin Kabawa, ni ne na ce da baƙon mu yanke ta cikinta don ta fi kusa. Takalminsa na dama yana can har yau. Da muka hau tudun da kyar, na buɗe hannu na nuna masa, sai ya dubi gabas ya dubi yamma ya tambaye ni ina wurin yake. Ya ce a wasu ƙasashe irin wannan fili tsaf ake riƙe shi, ana hango shi tun daga nesa, amma mu mun bar namu kamar juji.

Wallahi maganar nan ta soke ni. Na kwana biyu ina juya ta a rai, har dabara ta zo mini, kuma ina roƙon Allah kada ya sake kawo mini irinta. Na tuna yadda bariki da ƙofar ofisoshi ke ɗaukar ido saboda fararen duwatsun da ake jerawa. Sai na nemo farar ƙasa da bokiti da tsintsiya, na hau keke na tafi ni kaɗai, don kada wani ya raba ladan da ni. Na bi zagayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya na shafe su fes. Na Kabawa kuwa na bar su yadda suke, na ce jikokinsu su zo daga Argungu su shafa da kansu. Da na gama na koma bakin hanya na waiwaya, tudu yana ta ƙyalli, na ji kaina ya yi girma. Na dawo gida ina ba Gwaggo labari ina jiran yabo, ita kuwa ta tambaye ni ko mamatan ne suka aiko cewa duhu ya dame su. Na ce a raina tsohuwa ba ta san zamani ba.

Na uku, kuma nan ne naku ya shigo. Da ranin bana aka ba wani ɗan kwangila gyaran hanyar, ana sa ran wani babba zai bi ta kanta. Ka fi ni sanin cewa in babba zai wuce, sai an jera fararen duwatsu dama da hagu. Heliman leburori, wato shugabansu, ya hango tudu fari fat. A ƙasar nan kuwa ko yaron goye ya san farin dutse a jere na gwamnati ne. Suka ɗauka wasu ma'aikata ne suka riga suka tanadar musu, suka yi murna, suka hau da babbar mota suka kwashe. Manyan an zuba su ƙarƙashin kwalbati an bi da siminti, sauran suna nan a bakin hanya sun yi sahu suna gaida motoci. Na tafi na duba gefen fadama, na tarar da kaburburan Kabawa lafiya lau, ko tsakuwa ba a taɓa ba. Abin da mahayansu suka kasa yi wa kakanninmu, ni jikansu na yi musu da bokiti da tsintsiya.

Ban ga laifin leburori ba, baƙi ne, daga nesa aka kwaso su, kuma ni na yi wa duwatsun kakin gwamnati. Na ɗauki nawa kason, na kuma sha shi a bakin mutanen gari, har an sa mini suna Malam Farar Ƙasa, jikokina ma sun iya. Amma ranka shi daɗe, akwai tambayoyin da ba ni zan amsa su ba. Yaya za a hau tudu da mota a kwashe duwatsun da ke jere zagaye-zagaye, a rasa mai tsayawa ya tambayi mai gari? Wa ya duba aikin ɗan kwangilar? Sawun tayar motarsa yana nan kwance bisa kaburbura, kowa na iya zuwa ya gani. Kuma ofishin da aka ce shi ke kula da wuraren tarihi bai taɓa kafa ko ɗan allo a wurin ba, balle ya aiko wani ya leƙa. Da akwai allon, da wautata ta tsaya a farar ƙasa, ruwan damina ya wanke ta.

Na fuɗu, maganar kamun. Da zuwa ofishinka ya gagara, sai na ari jakin maƙwabcina na shiga mayar da duwatsun da kaina. Ban yi a ɓoye ba, da rana tsaka nake yi, don ban taɓa zaton mutum na iya satar dutsen kakansa ba. Ran kasuwa, hanya cike da mutane, ɗan doka ya dafa kafaɗata. Na yi masa bayani tun daga dawakin Kabawa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi dai ya ga farin dutse cikin mangala. Aka tasa mu gaba, ni da jaki, har gaban alƙali, wanda kuma ni na koya masa baƙi da wasali yana ɗan ƙarami. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya riƙe dariya, ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa suka tona masa asiri. Ya sallame ni, amma ya ce kada in sake taɓa dutsen bakin hanya sai da izini daga gare ka. Waɗanda ke cikin mangalar ma an sa ni na mayar da su sahu da hannuna, mutanen kasuwa suna kallo.

Na biyar, abin da ya sa ba zan iya jiran ka gama rangadi ba. Inda aka ɗaga kowane dutse ya bar gurbinsa a ƙasa. Yanzu haka in ka hau tudun za ka ga gurabun zagaye-zagaye, ana iya gane ga kabari ga kabari. Tsibin ƙasar da ke bisa kaburburan ya daɗe da lafewa, duwatsun ne kaɗai ke nuna su. Ranar da ruwan farko ya sauka, gurabun nan za su cike, ciyawa ta rufe, shi ke nan ba wanda zai sake cewa nan wane yake kwance. Zafi ya riga ya matsa, hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar. Duk lokacin da na ji iska ta juya sai in fita in dubi gabas. Ni da na saba fita roƙon ruwa a sahun gaba, bana ina jin kunyar abin da zuciyata ke so.

Na so in ɓoye wa Gwaggo. Na yi ta kawo mata hanya-hanya, har matan da ke shigowa gaishe ta suka kwashe labari duka suka ba ta, da na jaki da na alƙali. Ta aika aka kira ni. Na shiga na durƙusa ina jiran faɗa, da faɗan ta yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta ce, “Ummaru, su suna nan inda suke, Allah ya san makwancinsu. Ni ce ban gani. Duwatsun nan su nika taɓawa in san na iso.” Ranka shi daɗe, na yi furfura, na aurar da 'ya'ya, amma ranar nan hawaye na yi a gabanta, na gode Allah da ba ta gani.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. A ba ni izini a rubuce, wanda ɗan doka zai iya karantawa, in kwashe duwatsun da ke bakin hanya. A umarci ɗan kwangilar ya kawo motar da ta sauko da su ta mayar da su gindin tudu, daga nan mu masu mamata za mu hau da su a ka, kada taya ta sake taka wurin. Mun san ba kowane dutse zai koma gurbinsa na asali ba, tunda na mayar da su duka kama ɗaya, amma kowane gurbi zai sami dutse. Waɗanda ke ƙarƙashin kwalbati mun yafe, kowa zai kawo madadinsu daga gonarsa. A kafa allo a bakin hanya da boko da ajami mai cewa nan maƙabarta ce, a kuma yarje muna mu kewaye wurin da shingen aguwa, har da gefen Kabawa. In ana tsoron bakin hanya zai yi tsirara ranar da babba zai wuce, a tara wasu duwatsun, ni zan shafe su kyauta, hannuna ya faɗa.

In kuwa ruwa ya riga takardarka, to, akwai roƙo na ƙarshe. Gwaggo ta ce ba za ta yi fashin ziyarar bana ba. Ta ce bayan girbi in ɗora ta bisa jaki in kai ta bakin hanyar Kebbe, ta bi sahun nan tana dafa su ɗaya bayan ɗaya har ta ji wanda hannunta ya sani. Na san halinta, za ta yi, kuma ni zan ja jakin. Ka taimaka ka gaya wa direbobinku su rage gudu ranar, don tsohuwar ba ta ganin mota.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon riƙe amanar rayayyu da ta mamata, shi dawo da kai daga rangadi lafiya kafin hadari ya haɗu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Ummaru, tsohon malamin elementare,
Tambuwal.